Kwalliyar 'yan Harajuku: bayyana kai ne, ko dai anko ne aka sauya wa suna?

Ummi_MaiKeke:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ni tela ce, shekara goma sha ɗaya ina kan keke. Kwanan nan ƙanwata ta addabe ni da hotunan matasan Japan na wata unguwa da ake kira Harajuku. Wata ta cika gashinta da abin maƙale gashi kala-kala har goshi ba ya ganuwa, wata ta sa bujen da ya buɗe kamar lema da leshi hawa-hawa, wani kuma baƙi wuluk tun daga hula har takalmi. Ita ƙanwar tawa cewa take yi wai kowa a can yana saka abin da ke zuciyarsa ne, ba ruwansa da idon mutane. To ni na zauna na duba hotunan da idon tela, abin da na gani daban ne. Masu leshin nan duk tsawon bujensu ɗaya, yankan wuya ɗaya, har tsayuwarsu a hoto iri ɗaya. Wannan ai anko ne. Mu idan ƙawayen amarya suka fito da atamfa ɗaya ba mai cewa sun bayyana kansu. Waɗanda suka san ƙasar su warware min.

Sadauki_Fagge:
Wa alaikumus salam. Anti Ummi kin gama magana tun kafin a fara. Anko ne, sai dai nasu ba ranar biki.

ƊanTsukuba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na yi shekara huɗu a can ina karatu, bari in sa baki. Da farko mutane su cire tunanin cewa haka 'yan Japan ke yawo. Ki shiga jirgin ƙasa a Tokyo ƙarfe takwas na safe, abin da za ki gani baƙar kwat ce, da ruwan toka, da shuɗi mai duhu, tarago bayan tarago. Ɗalibin jami'a idan lokacin neman aiki ya yi, akwai kwat ta musamman da kowa ke saya: baƙa, farar riga, baƙar jaka, mata su ɗaure gashi baya. Wanda ya rina gashinsa sai ya mayar da shi baƙi kafin ya je ganawa da kamfani. Yara kuma tun daga sakandare cikin kayan makaranta suke, maza da baƙar riga mai tsayayyen wuya ko kwat, mata da rigar nan mai kama da ta sojan ruwa. Suna ma da karin magana cewa ƙusar da ta ɗago kai ita ke shan guduma. To a irin wannan wuri ki ɗauki yarinyar da ta yi kwana shida cikin kayan da aka zaɓa mata, ranar Lahadi ta fito da gashi ruwan hoda. Ko da su ɗari ne suka yi iri ɗaya, ita a wajenta ta ɗago kai.

Ummi_MaiKeke:
Malam na ji wannan. Amma ka ga ka ƙara ba ni hujja: ta cire yunifom ɗaya ta saka wani.

ƊanTsukuba:
Eh, amma na biyun ita ta zaɓa, kuma da kuɗin da ta tara daga aikin wucin gadi ta saya. Na farkon ba wanda ya tambaye ta.

Maman_Iman:
Wai Harajukun nan gari ne ko kasuwa? Ni na ɗauka sunan ɗinkin ne.

Bature_Zazzau:
Maman Iman, unguwa ce a cikin Tokyo, a yankin Shibuya. Akwai wani siririn titi a can, Takeshita, shaguna maƙil hagu da dama, shi ne ake yawan nunawa a bidiyo. Tarihin wurin ma abin sha'awa ne. Bayan yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka sun yi gidajen iyalansu a nan kusa, ana kiran wurin Washington Heights, shaguna suka buɗe don sayar musu da kaya, matasan Japan suka riƙa zuwa kallon irin suturar baƙi. A 1964 aka mayar da wurin masaukin 'yan wasan Olamfik, daga baya ya zama filin shaƙatawa na Yoyogi. Amma abin da ya haifar da wannan kwalliya da kuke gani shi ne rufe titi. Daga 1977 zuwa 1998, duk ranar Lahadi ana hana mota bin babban titin unguwar, a bar wa masu tafiya a ƙasa. Matasa suka samu filin da za su zo a gan su ba tare da sun biya ko sisi ba. Wajen 1980 akwai ƙungiyoyin da ake kira Takenoko-zoku, suna saka manyan riguna masu sheƙi ja da ruwan hoda da shuɗi, su ajiye rediyo mai kaset a tsakiya su yi ta rawa. Sunan ma daga wani shago ne da suke sayen kayan, Boutique Takenoko.

Sadauki_Fagge:
To ka ji. Har sunan ƙungiyar na shago ne. Ina bayyana kai a nan? Mai shago ne ya bayyana aljihunsa.

Zee_Kawaii:
Ni ce dai za ku ce na cika zaƙewa, amma shekara shida ina bibiyar masu salon Lolita, wato masu bujen leshin da Anti Ummi ta gani, kuma na ɗinka guda biyu da kaina. Anti gaskiyarki, suna da ƙa'idoji, har sun fi na anko tsauri. Bujen ya kai gwiwa ko ya wuce, a sa fatari mai tauri a ciki don ya tashi kamar ƙararrawa, riga mai rufe ƙirji, doguwar safa, da wani abu a kai, ribon ko hula. Idan kika karya waɗannan, 'yan cikinsu za su ce ba ki iya ba. Amma a cikin wannan shingen akwai rabe-rabe: masu kalar alewa da zanen kek da 'ya'yan itace, masu baƙi da ake kira Gothic, da masu launi mai sanyi irin na tsofaffin Turawa. Kamfanoni irin su Baby, The Stars Shine Bright, wanda aka kafa a 1988, da Angelic Pretty su ne manya a harkar. Abin da ya ja ni shi ne dalilin da da yawansu ke bayarwa: ba don namiji ya yaba suke sakawa ba. Kayan ba ya nuna surar jiki ko kaɗan, samarin can ma da yawa ba sa son sa. Mace ce ta ce yau zan yi ado don kaina. Har musulmai a Malesiya da Indunusiya da Amurka suna haɗa shi da hijabi saboda ya riga ya rufe jiki.

Hajiya_Turai:
'Yar nan, ado don kai kaɗai ai a ɗaki ake yin sa. Wanda ya hau jirgi ya je unguwar da masu kyamara suke ya tsaya kan gadar Harajuku da ake taruwa, yana so a gan shi ne. Ba laifi ba ne, amma a faɗi gaskiya.

Zee_Kawaii:
Haka ne Hajiya, ban musa ba. Amma so a gan ka daban, so a yaba maka daban. Wasu sun san dariya za a yi musu a jirgi, suna sane suke fita.

Alhassan_Damagaram:
Ni tambayata ga ƊanTsukuba. Maganar gashi da ka yi, da gaske lakwal na tilasta wa yaro rina gashi?

ƊanTsukuba:
Da gaske ne Malam Alhassan. A 2017 wata ɗaliba a Osaka ta kai ƙara kotu saboda makarantarsu ta matsa mata ta riƙa rina gashinta baƙi, ita kuma ta ce da ruwan ƙasa aka haife ta. A 2021 kotu ta ce a biya ta yen 330,000, amma ba ta soke dokar gashin ba. Sai a 2022 hukumar ilimi ta Tokyo ta cire irin waɗannan dokoki a makarantun sakandaren da ke ƙarƙashinta. Shi ya sa nake cewa Hajiya Ummi ta auna da ma'aunin can. Gashi kore a Tokyo ba wasa ba ne ga mai shekara goma sha bakwai.

Kabiru_Sneakers:
Kun tsaya kan 'yan mata masu leshi kun manta ɓangaren maza, alhali shi ya fi cin duniya. Duk wanda ya taɓa ganin rigar nan mai hula da bakin kifin shak a jiki, ko mai kan biri, a Kantin Kwari ko a gwanjo, to daga lungunan bayan Harajuku ta fito.

Sadauki_Fagge:
BAPE? Ai na Amurka ne wannan, mawaƙan can ke sakawa.

Kabiru_Sneakers:
A'a yallaɓai, ɗan Japan ne, Nigo. A 1993 shi da abokinsa Jun Takahashi mai kamfanin sutura na Undercover suka buɗe wani ɗan shago mai suna Nowhere a can, a shekarar kuma Nigo ya fara A Bathing Ape, wato BAPE. Dabararsu ita ce su buga riga kaɗan, su ƙi ƙarawa, layi ya yi tsawo a ƙofar shago. Mawaƙan Amurka daga baya suka ɗauka. A 2011 Nigo ya sayar da kamfanin ga wasu 'yan Hong Kong, a 2021 kuma aka ba shi jagorancin zane a gidan ɗinki na Kenzo a Faransa. Mafi yawan waɗanda ke kasuwarmu dai jabu ne, kar wani ya ce na ce masa na asali ne a dubu takwas.

Ummi_MaiKeke:
Kabiru ka ga wannan ma yana bayana. Mutum ya kwana a layi don ya samu rigar da mutum ɗari suka samu. Mu nan idan sabuwar shadda ta shigo haka ake rububi, ba mu taɓa kiran sa wani babban suna ba. Yayi ne kawai.

Malam_Sabo_Marina:
Ku ba dattijo wuri. Ni a gidan rini na tashi, kuma abin da ya sa na san Japan ba leshi ba ne, shuni ne. Wasu baƙi daga can sun taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata, na ga yadda suke tsugunawa bakin rami suna shinshina ruwan baba kamar waɗanda suka gamu da ɗan uwa. Ashe su ma suna da rinin shuni na gargajiya, a yankin Tokushima suke noman ganyen, su ruɓar da shi, su haɗa da ruwan toka kamar yadda muke yi. Ɗaurin da muke yi wa yadi kafin a tsoma shi su ma suna da nasu, shibori, akwai garin Arimatsu da ya shahara da shi. Kuma wandon jins mafi tsada da matasansu ke taƙama da shi a Kojima ake ɗinka shi, a lardin Okayama. An ce min mai irin wannan wando yakan yi watanni bai wanke ba, don koɗewar ta bi yadda yake zama da inda yake sa waya a aljihu. To 'yata Ummi, nan ne na ga abin da ƙanwarki ke nufi. Wando ɗaya aka sayar wa mutum dubu, bayan shekara biyu babu biyu da suka yi kama.

Maman_Iman:
Watanni ba wanki? Baba Sabo Allah ya kiyaye. A zafin Kano mutum ya gwada ya gani.

Bature_Zazzau:
Maganar Baba Sabo ta tuna min da wani abu da ya fi Harajuku daɗewa. A zamanin Edo, kafin 1868, hukuma ta sha kafa doka kan abin da talaka da ɗan kasuwa za su saka: ba siliki mai ƙyalli, ba launi mai ɗaukar ido. 'Yan kasuwa kuwa suna da kuɗi. Sai suka koma yin rigar sama mai launin ƙasa ko toka a waje, amma shafin ciki a zuba masa zane mai tsada, ba mai gani sai ka tuɓe ta a gidan aboki. Launin ƙasa da na toka kansu suka rarraba su iri-iri har suna cewa ruwan ƙasa arba'in da takwas, ruwan toka ɗari. Ina ganin wasan ɓuya tsakanin doka da kwalliya tsoho ne a wurinsu. Ko a 1964, gab da Olamfik, 'yan sanda sun kwashe matasan da ke taruwa a titin Miyuki na unguwar Ginza a Tokyo cikin ɗinkin ɗaliban Amurka, don kada su ɓata wa baƙi gani. Ba sata suka yi ba, tsayuwa kawai suke da gajeren wando da jakar takarda a hammata.

Ummi_MaiKeke:
Wannan na shafin ciki ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Akwai wani kwastomana dattijo da kullum sai ya ce a sa masa shafi mai launi daban a cikin babbar riga, ni ina ganin ɓarnar yadi ce.

Fa'iza_Accra:
Ba wanda ya taɓo waɗanda ni suka fi ɗaure min kai, masu baƙanta fuska. Na ga hoton 'yan mata sun ƙone fatarsu ta yi duhu, sun shafa fari a ido da leɓe, gashi kamar audugar rimi. Ni dai raina bai so ba, kamar da mu ake.

Zee_Kawaii:
Anti Fa'iza, ganguro kenan, ƙarshen shekarun 1990, kuma su 'yan Shibuya ne ba Harajuku ba, matattararsu ginin shagunan nan 109. Reshe ne na salon gyaru, wato na 'yan mata masu rina gashi da cika kwalliyar fuska. Yadda aka fi bayyana shi, a can farar fata da baƙin gashi da sanyin murya su ne ma'aunin kyan mace tun da daɗewa, su kuma suka juya kowanne. Waɗanda suka fi tsanantawa har ana kiran su yamanba, sunan wata tsohuwar mayya ta dutse a tatsuniyarsu. Amma ban ce ranki ya yi ƙarya ba, domin akwai wani rukuni daban da ke kwaikwayon baƙaƙen mawaƙan Amurka kai tsaye, har da kitso, kuma an yi ta sukar su.

Fa'iza_Accra:
To su suna biya su yi duhu, namu suna biya su yi fari. Allah ya shirya.

ƊanTsukuba:
Bari in dawo da mu kan tambayar Hajiya, don akwai abin da ban faɗa ba. Ranar da na fara zuwa Takeshita na je da zumuɗi, na yi tunanin zan ga abin da ke cikin hotuna. Abin da na tarar 'yan yawon buɗe ido ne maƙil, kowa riƙe da waya yana neman wanda zai ɗauka, da masu sayar da alewar auduga, da wasu 'yan uwanmu 'yan Afirka ta Yamma a ƙofar shagunan kayan hip-hop suna kiran kwastoma. Na yi awa biyu, masu cikakkiyar kwalliyar da na gani ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na ƙarasa masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara na yi la'asar na koma. Hotunan da ƙanwarki ke nuna miki, da yawansu daga mujallar FRUiTS ne, wadda mai ɗaukar hoto Shoichi Aoki ya fara a 1997. Yakan tsayar da yaro a titi ya ɗauke shi, a ƙasan hoton a rubuta inda ya samo kowane kaya. A 2017 ya daina buga ta bayan fitowa 233, dalilin da ya bayar kuwa shi ne ya daina samun isassun yaran da suka cancanci a ɗauka.

Kabiru_Sneakers:
Kuma ka duba shekarar 1998. A shekarar aka daina rufe titi, a shekarar Uniqlo ta buɗe shago a Harajuku rigar sanyinta mai araha ta cika gari. H&M ta zo 2008, Forever 21 ta biyo 2009. Yaron da zai yanka tsohuwar kimonon kakarsa, wato rigar gargajiyarsu, ya haɗa da takalmin gwanjo, yanzu da kuɗi kaɗan zai fito tsaf ba wahala.

Hajiya_Turai:
Wato dai araha ta kashe gayu.

Zee_Kawaii:
Bai mutu ba Hajiya, ya watse ne. Masu son gwanjo sun koma unguwannin Shimokitazawa da Koenji a Tokyo, Osaka na da Amerikamura, sauran kuma suna Instagram da TikTok. Ba sai ka je gada ka tsaya ba yanzu.

Ummi_MaiKeke:
Kabiru, tsaya. Wannan da ka ce na yanka kimono a haɗa da gwanjo, shi nake nema tun farko. Akwai masu yin haka da hannunsu?

Kabiru_Sneakers:
Sosai Anti. Hotunan farko-farko na mujallar nan cike suke da su: abin da mutum ya ɗinka da kansa, da na gwanjo, da ɗamarar kimono a kan siket na Turawa, da takalmin katako na gargajiya. Sai daga baya kowane salo ya samu suna da shagonsa da dokokinsa.

Ummi_MaiKeke:
To a nan zan rage murya. Wanda ya zauna ya yanka ya haɗa, na yarda nasa ne. Wadda ta shiga shago ta sayi saiti daga ribon har safa, har yanzu ina nan kan bakana.

Sadauki_Fagge:
Anti ta raba gardama biyu ta riƙe rabi.

Bature_Zazzau:
Ni ban yarda da rabon ba. Ko manyan masu zanen nasu haka abin ya bi da su. Rei Kawakubo mai Comme des Garçons da Yohji Yamamoto sun je Paris a 1981 da baƙaƙen kaya masu faɗi, wasu kamar ba a gama ɗinki ba, 'yan jaridar can suka yi ta tsaki. Kafin a jima matasan Tokyo sun cika titi da baƙi har aka sa musu suna ƙabilar hankaka. Mutum ɗaya ya fito da abu, dubu su bi, sai wani ya gaji ya ɓalle. Wadda ta sayi saiti yau, wataƙila ita ce za ta yanka shi gobe.

Malam_Sabo_Marina:
Kuma kada ku raina mai saye. Mutum goma za su sayi hula zanna bukar a shago ɗaya, ka duba yadda kowa ke karya tasa.

Maman_Iman:
Ni dai duk wannan bayani, tambayata ɗaya ga Zee: bujen nan yadi nawa yake ci? Iman ta leƙo wayata ta gani, ta ce shi take so da Sallah.

Zee_Kawaii:
Hahaha Maman Iman kin shiga uku. Na babba na sa yadi huɗu ban da fatarin ciki, shi kuma da net mai tauri ake yi, hawa biyu ko uku ana tattarawa. Na yarinya ba zai kai haka ba. Ki nemi auduga mara nauyi saboda zafi, kuma kada tela ya sa miki leshin nan mai ƙaiƙayi a wuya.

Ummi_MaiKeke:
Ki kawo ta shago in auna ta. Amma tun yanzu ina faɗa miki, idan ƙawayenta suka gani suka ce su ma shi suke so, kuɗin anko zan caje ku.

Alhassan_Damagaram:
Baba Sabo, maganar wandon Kojima ɗin nan, shunin nasu yana zuba a jiki kamar turkuɗi ko sun san yadda suke kama shi?